Mu ba tarkace ba ne: martani ga baƙon shirinku na daren Asabar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ku da abokan aikinku.

Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun daren Asabar, ita ce "tarkace". Baƙon nan naku da aka ce masanin tsara birane ne, sau uku ya faɗe ta, da yatsuna na ƙirga. Wai in ana so filin wasa na tunawa da Sardauna da ke Gusau ya zama abin nuna wa baƙi, sai an mai da kewayensa unguwar wasanni da shaƙatawa, a gina otal da manyan kantuna da wuraren cin abinci na zamani, a kwashe tarkacen rumfuna da gidajen kallon ƙwallo da masu shayi da ke cikin gari a kai su bayan gari. Mai gabatar da shirin bai tsayar da shi ba, bai tambaye shi su wane ne ke cikin rumfunan nan ba. Kai kawai yake gyaɗawa, ana jin "haka ne, haka ne" ɗinsa ta rediyo.

To ni ina cikin waɗanda ya kira tarkace. Shekara 14 ke nan ina riƙe da gidan kallon ƙwallo a Gusau. Kwano ne da katako, benci 22, talabijin uku, janareta ɗaya da fankoki huɗu. Da shi na yi aure, da shi nake ciyar da 'ya'ya biyar da mahaifiyata, da shi na biya wa ƙanena kuɗin makaranta har ya gama. Kuma ba ni kaɗai ke ci a ƙofar nan ba. Akwai mai shayi, akwai mai tsire, akwai mai cajin waya, akwai yara biyu masu gadin babura. Akwai wani yaro da ke kawo awara a bokiti kullum bayan La'asar, uwarsa ce ke soyawa a gida, 'yan bindiga suka kashe mijinta a ƙauyensu ta gudo Gusau da marayu huɗu. Ranar da manyan ƙungiyoyi suka haɗu, kafin a tafi hutun rabin lokaci bokitin nan ya ƙare, yaron ya zauna a bakin ƙofa yana jera kuɗin a gwiwarsa yana miƙar da waɗanda suka yamutse. Abincin gidansu na gobe ke nan. Shi ma baƙonku ya share shi da kalma ɗaya.

Kada a ce ina ƙin gyara. Wallahi ba na ƙi. Tun 1996 da aka ba mu jiha muke jin 'yan wasu jihohi na kiran Gusau babban ƙauye, kuma abin yana mana zafi. Da aka fara aikin sabunta gari a 2023, aka taɓa titunan da suka tashi daga shataletalen Bello Bara'u, da na Kwanar 'Yan Keke zuwa fadar Sarki har Tankin Ruwa, ni da kaina na yi murna, don na san abin da ramukan nan suka yi wa babur ɗina. Gyaran filin wasa kuwa, wa zai fi ni so? Yaran da ke cika mini benci su ne ke buga ƙwallo da safe babu takalmi. Abin da nake ƙi shi ne a ce gyara ba ya yiwuwa sai an kore mu.

Kuma ba da ka nake magana ba, an taɓa yi mini. Shekara shida da suka wuce ina wani fili a tsakiyar gari, haya nake biya duk wata ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Mai filin ya rasu, Allah Ya jiƙansa, magada suka sayar. Wata Laraba da hantsi na zo buɗewa na tarar an shafa jan fenti a jikin kwanona, tun bai gama bushewa ba, yana zirara ƙasa. Wanda ya saya ya turo yaronsa ya ce mako biyu aka ba mu, amma kada mu damu, in an gama ginin shagunan mu za a fara ba. Kura huɗu na ɗauka ta kwashe benci. Baba mai tsire, dattijo ne da ya girmi mahaifina, shi ya ɗora tukubarsa a ka don ba ya da kuɗin ɗan dako, na bi shi na karɓa ya hana ni.

An gama gini cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Bene ne, da tayil da ƙofofin gilashi. Na je na tuna musu alkawari, aka ce bismillah, kuɗin shekara biyu a dunƙule. Ko da ina da kuɗin, shagon bai fi ɗakin kwana ba, ina zan zuba mutum ɗari? Sai na nemi wuri can wajen Damba inda haya ke da sauƙi. Malam Edita, wasannin zakarun Turai ƙarfe 8 ko 9 na dare ake fara su, ba a tashi sai wajen 11. A halin da jiharmu ke ciki, wane uba ne zai bar ɗansa ya fita bayan gari a wannan lokaci? Ga dokar hana zirga-zirgar babura da dare da akan saka lokaci zuwa lokaci. Akwai daren da na ƙona mai na awa biyu don mutum bakwai. Wata bakwai na yi a can, na sayar da talabijin ɗaya na biya bashi, kafin Allah Ya haɗa ni da wani lungu a cikin gari na dawo. Mai shayina na da ya koma dako a kasuwa. Baba mai tsire kuwa ya koma ƙauyen da ya gudo daga cikinsa, tun daga nan ban sake jin labarinsa ba, kuma har yau in na tuna tukubar nan a kansa sai raina ya ɓaci.

Benen fa? Ku aika wani ya duba irinsa da yawa a garin nan. Rabin ƙofofin da kwaɗo. Ana sallar Magariba sai kowa ya ja ƙofarsa, wurin ya yi duhu ɗif. Inda a da fitila ke kunne har ƙarfe 11, mutane na shan shayi ana gardamar ƙwallo, mace za ta iya wucewa da ɗanta ba ta tsoron kowa, yanzu nan ne ake fizge wa mutane waya. Mu ne muke gadin titin nan ba tare da an biya mu ba, ba a gane ba sai da aka tashe mu.

Baƙonku ya yi ta ambaton Landan, wai haka ake yi a can. To ni ma Landan ɗin nake haska wa mutane duk mako, bari in ba shi labarin da ya tsallake. A watan Mayun 2016 na nuna wasan ƙarshe da West Ham ta buga a tsohon filinta na Upton Park, ta ci Manchester United 3 da 2, gidana ya cika har ƙofa. Tun 1904 take a filin nan, shekara 112. Aka ɗauke ta aka kai ta katafaren filin da aka gina don wasannin Olamfik na 2012, aka rushe tsohon aka yi gidaje. Ƙungiya ta sami wurin zama mai yawa, amma masu ƙananan shagunan abinci na tsohuwar unguwar, waɗanda ranar wasa ce kasuwarsu, ciniki ya gudu ya bar su, kuma magoya bayan da kansu sun daɗe suna kukan cewa sabon filin ba ya da ɗumin gida. Wannan a ƙasar da ke da kuɗin tallafa wa wanda ya rasa sana'a ke nan. Nan in an tashe ka, daga kai sai Allahnka.

Ba ma sai mun je Ingila ba. Babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas, a 1972 aka gina shi, a nan aka yi wasannin Afirka na 1973, a nan Najeriya ta ci Aljeriya 3 da nema ta ɗauki kofin Afirka a 1980. Bayan an buɗe na Abuja a 2003 sai aka juya masa baya, shekara da shekaru ciyawa na cin kujeru. Siminti ba ya riƙe kansa. Filin da ba a shiga kullum mutuwa yake yi, komai kuɗin da aka zuba.

Shi ya sa nake tambaya, in an gama gyara namu, wa zai riƙa shiga? Ko Zamfara United na cikin kakar wasa, wasan gida bai wuce ɗaya a mako biyu ba. Sauran kwanakin fa? Otal ba zai kawo mutum filin ƙwallo ba. Wanda zai zo shi ne ɗan makarantar da ke neman wurin atisaye da asuba, da ƙungiyoyin unguwanni na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, da 'yan kokawa, da 'yan dambe. Har damben ma baƙonku ya ce hayaniya ce, a kai ta bayan gari. Damben da yanzu Turawa ke zaune suna kallo a YouTube, wanda ƙasar Zamfara ta yi suna da shi tun kakanni! Duk wanda ya taɓa zama gidan dambe ya ji an taɓa kalangu, ya ga ɗan Arewa da ɗan Kudu sun fito da zare a hannu, ya san nan ne shaƙatawar talaka. Mutumin da ya biya kuɗin ƙofa ya shigo, shi zai sayi rake, ya sayi ruwa, ya hau babur ya koma gida. Kuɗin kaɗan-kaɗan ne, amma a garin suke kwana.

Na yarda muna da laifinmu. Akwai bola, akwai kwatar da aka toshe da leda, akwai gidajen kallon da ke barin yara 'yan makaranta su shiga lokacin karatu, akwai waɗanda ba sa kashe talabijin in an kira salla. Ni ina kashewa, kuma duk wanda ba ya yi a hukunta shi, ba zan tare masa ba. Amma maganin ƙazanta shara ce da famfo da bayan gida, ba jan fenti ba. In za a zana sabuwar unguwa, a zo a ƙirga mu tun takarda na fara, a ware mana rumfuna masu faɗi a cikinta, ba a gefe ba, a bar mu mu riƙa biya wata-wata kamar yadda muke samu. A sa mana fitilar sola mu huta da janareta, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000, rabin abin da nake tarawa a ƙofa gidan mai yake tafiya. Za mu biya haraji, da ma muna biya. Za mu share ƙofarmu, da ma muna sharewa.

A daren shirin nan sau 11 na kira layinku. Sau biyu ya shiga aka ce in dakata, katina ya ƙare ina riƙe da waya a kunne. Waɗanda aka saka kuwa muryoyin nan ne da muka saba ji kowane mako, duk suka yaba wa baƙo suka yi gaishe-gaishe.

Tun da na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Don girman Allah ku duba tallar maganin gargajiyar nan da kuke sakawa daf da labaran safe. Lokacin nan yara na shan koko za su tafi makaranta, uwarsu na nan, kakarsu na nan, sai mutum ya fara zayyano abubuwan da ko a majalisar samari ba a faɗi da ƙarfi. Har na gaji da tsalle ina rage murya. In dole sai an saka, a kai ta can cikin dare.

Ina roƙon ku maimaita shirin nan, ku dawo da baƙon naku, amma ku ajiye kujera ɗaya don wani daga cikinmu, ko ni, ko mai shayi, ko ɗan dambe. Ina so ya dubi idona ya sake faɗin kalmar nan. Ranar Juma'a ba a cika yin manyan wasanni ba, bayan an sauko daga masallaci zan iya zuwa.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Mai gidan kallon ƙwallo,
Gusau, Jihar Zamfara