Gadon da Abraham Lincoln ya bar wa Amurka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan shugaban Amurka na 16, Abraham Lincoln, wanda yawancinmu muka sani da kirari ɗaya, wato mutumin da ya 'yanta bayi.

Gaskiya ne shi ya jagoranci yaƙin da ya karya bauta a Amurka, amma ba da wannan niyya ya shige shi ba. Da aka fara gwabza yaƙin basasa a watan Afrilun 1861, bayan jihohin kudu sun fara ɓallewa (daga baya suka kai 11), abin da ya sa a gaba shi ne hana ƙasar wargajewa, har a 1862 ya rubuta wa wani editan jarida, Horace Greeley, cewa da zai iya ceton tarayyar ba tare da 'yanta ko da bawa ɗaya ba, da ya yi. Shelar 'yanta bayi da ya fitar ranar 1 ga Janairun 1863 kuwa yankunan 'yan tawaye kaɗai ta shafa, ta bar bayin Kentucky da Maryland da Missouri da Delaware a hannun iyayen gijinsu, gudun kada jihohin nan su bi 'yan'uwansu na kudu.

Duk da haka ina ganin girmansa, domin mutum ne da ya yarda abin da ya gani da idonsa ya sauya masa ra'ayi, abin da ba kasafai masu mulki ke yi ba. Ita wannan shela ce ta buɗe wa baƙar fata ƙofar shiga soja, kusan 180,000 daga cikinsu suka ɗauki bindiga a rundunar arewa. Da ya lura shelar doka ce ta lokacin yaƙi wadda kotu ka iya rushewa, sai ya matsa wa majalisar wakilai lamba har ta amince da gyara na 13 ga tsarin mulki ranar 31 ga Janairun 1865, wanda ya haramta bauta a ƙasar baki ɗaya. Mutumin da ya faɗa a 1858 cewa ba ya goyon bayan baƙi su jefa ƙuri'a, shi ne ya fito ranar 11 ga Afrilun 1865 yana neman a ba masu ilimi da sojojin cikinsu wannan dama. John Wilkes Booth, wani ɗan wasan kwaikwayo mai goyon bayan kudu, na cikin masu sauraro, kuma bayan kwana uku ya harbi Lincoln a gidan wasan kwaikwayo na Ford, harbin da ya yi ajalinsa.

Inda nake ɗora masa laifi shi ne mataimakin da ya karɓa a zaɓen 1864, Andrew Johnson na Tennessee, wanda shi kansa ya taɓa mallakar bayi. Da Johnson ya hau mulki, sai ya mayar wa tsofaffin 'yan tawaye gonakin da aka fara raba wa 'yantattu a gaɓar tekun Kudancin Carolina da Georgia, aka bar mutum kusan miliyan 4 da 'yanci ba su da ko taƙin ƙasa. An janye sojojin tarayya daga harkokin kudu a 1877, dokokin wariyar launin fata suka kafu, kuma sai a 1965 jikokin bayin suka sami dokar da ta tsare musu ƙuri'arsu.

Na gode.

Mai karatun jaridarku,
daga Zariya