Biyayya ga Allah ba ciniki ba ce

Edita,

Bayan gaisuwa, maganar da baƙonku ya yi a shirin Kirista na gidan rediyonku ranar Lahadi da yamma ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ya ce duk Kiristan da ke fama da talauci ya koma ya binciki biyayyarsa, wai da yana yi wa Allah biyayya da ba ya cikin wannan hali. Mai gabatar da shirin kuma sai "amin, Fasto" yake ta yi, bai ja shi da tambaya ko ɗaya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu kuma bai huce ba.

Marigayi maigidana ya yi aikin kula da sito a wata ƙaramar hukuma. Wata damina aka kawo masa takarda domin ya sa hannu cewa an sauke buhunan takin zamani, alhali ko buhu ɗaya bai shiga siton ba. Ya ce ba zai sa ba, Allah yana ganinsa. Aka lallaɓa shi, aka aiko masa da manya har gida, ya kafe. Daga nan sai aka jefa shi wani ƙauye da mota ba ta shiga da zarar ruwa ya sauka, aka riƙe masa ƙarin girma har ya yi ritaya. A gidan haya ya rasu yana jiran kuɗin sallama. Ni na sayar da ƙosai da kunu na ƙarasa biyan kuɗin makarantar yaranmu. Wanda aka sa a madadinsa kuwa ya sa hannu, ya gina gida mai bene, ya ba ikilisiya kwanon rufi, aka riƙa ba shi kujerar gaba a ranar godiyar girbi. To, Edita, a lissafin baƙon naku, wane ne mai biyayya cikin su biyun? Ku tambayar mini shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ya karanta 1 Sama'ila 15:22, inda annabi ya gaya wa Sarki Saul cewa biyayya ta fi hadaya, sannan bai ko rufe baki ba ya karanto lambar asusu, wai masu biyayya su aiko da irin da za su shuka. Ashe bai san abin da ya jawo ayar ba? Saul ne ya bar Agag, sarkin Amalekawa, da rai, ya kuma tsince tumaki da shanu masu kyau, ya ce ai hadaya zai miƙa wa Ubangiji da su. Sama'ila bai karɓi wannan hujja ba, sarauta ma sai da ta kuɓuce wa Saul a kanta. Ayar da ke hana mutum rufe rashin biyayyarsa da baiko, wato abin da ake bayarwa don aikin Allah, ita aka juya aka tara baiko da ita. Ko yaran makarantar Lahadi da nake koyarwa za su gane wannan.

Ban ce babu albarka cikin biyayya ba. Na san Maimaitawar Shari'a sura 28 da baƙon naku ya yi ta nanatawa. Amma Littafi Mai Tsarki bai ƙare a nan ba. Shadrak da Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, amma ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Bitrus da manzanni sun ce dole su yi wa Allah biyayya fiye da mutane, bulala suka samu a ranar. Shi kansa Ubangijinmu Yesu, Filibiyawa 2:8 ta ce ya yi biyayya har mutuwa, mutuwar gicciye. Waɗanda suka fara aikin mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) a ƙasar nan a 1893 su uku ne, biyu daga cikinsu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun mutu a 1894, ɗaya a Girku ɗaya a Bida, ba su ga ɗan girbin aikinsu ba. Su ma rashin biyayya ce ta kashe su?

Ku sani gwauraye da marayu ne suka fi riƙe rediyo a irin wannan lokaci. Akwai wata a Zumuntar Mata tamu da ta zo mini da hawaye ranar Litinin, tana tambaya ko wani zunubi ne Allah yake kama ta da shi, tun da sana'arta ta karye. Mace ce da ba ta taɓa ƙwarar kowa a mudu ba. Yanzu an ɗora mata nauyin da ba nata ba, kuma ta gidanku aka ɗora shi. Ina roƙonku ku gayyato malamin da zai buɗe Littafin ya karanta surar duka, ku kuma bar masu sauraro su buga waya su yi tambaya kamar yadda kuke yi a shirin siyasa.

Sannan tun da na riga na fara magana, me ya sa kuka daina sa waƙoƙin sujada na Hausa a farkon shirin? Yanzu sai na Turanci masu ƙarar ganga, mu tsofaffi ba ma jin ko kalma. Tallan maganin basir ɗin nan da kuke katse addu'ar rufewa da shi kuma, don Allah ku matsar da shi zuwa bayan an ce amin.

Taku mai sauraro,
wata gwauruwa daga Kafancan