Ɗaliban da ke ɓacewa tsakanin aji ɗaya da aji huɗu, wa ke ƙirga su?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Duk shekara jami'o'inmu suna shelanta yawan sabbin ɗaliban da suka rantsar, ranar bikin yaye ɗalibai kuma a faɗa mana mutum nawa suka fita da digiri mai daraja ta ɗaya, to amma waɗanda suka shiga aji ɗaya ba su kai aji huɗu ba fa? Su shiru kake ji. Yaro ya sha wahalar JAMB, iyaye sun yi ta fafutukar kuɗin rajista, bayan shekara biyu sai ka gan shi a bakin kasuwa yana POS, ka tambaye shi makaranta ya ce ai sai a hankali.

Kowa ya san kuɗi na ciki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 jami'o'i da yawa suka ƙara kuɗin rajista, har sai da gwamnatin Kano ta biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar da ke BUK. Ga kuma yajin aikin ASUU, na 2020 kusan wata tara, na 2022 wata takwas cur, yara da yawa a lokacin suka kama sana'a, 'yan mata aka yi musu aure, da aka koma ba duka suka dawo ba. Yanzu akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka buɗe a 2024, babu ruwa a cikinsa, har da naira 20,000 duk wata na kashewa, amma wallahi akwai iyayen da daga sun ji kalmar bashi sai su ce a'a, don babu wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani da Hausa.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne wanda ke hannun makarantar kanta. Ɗalibi ya nemi likitanci an tura shi wani kwas ɗin da bai taɓa tunani ba, ga Turancinsa da rauni tun daga sakandare, ga aji cike maƙil wasu a tsaye ta taga suke jin lakca, ya rubuta jarabawa sakamako bai fito ba sai an yi nisa a zango na gaba, kafin ya farga kari-oba, wato kwasa-kwasan da ya faɗi sai ya maimaita, ta taru masa, an sa shi a jerin waɗanda za a kora. Shi kodinetan aji da ya kamata ya kira shi tun faɗuwar farko, mutum ɗaya ne da ɗaruruwan ɗalibai, ga nasa lakcocin, ina zai sa kansa?

Saboda haka ina roƙon shugabannin jami'o'i su bari a riƙa biyan kuɗin rajista kashi-kashi, kada a rufe wa yaro shafin rajista don ya rage masa dubu ashirin. A fitar da sakamako kafin a shiga sabon zango. Duk wanda ya faɗi kwas biyu a zangon farko a kira shi a ji matsalarsa, in kwas ɗin ne bai dace da shi ba a ba shi damar sauyawa. Matar da ta haihu ko ɗalibin da mahaifinsa ya rasu, a sauƙaƙa musu jingine karatu na shekara guda ba sai sun yi ta zarya ofis-ofis ba.

Ita kuma hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, in ta zo tantance kwasa-kwasai ta riƙa tambayar kowane sashe: mutum nawa kuka ɗauka, nawa suka gama, sauran ina suke? Ku ma 'yan jarida don Allah ku riƙa yin wannan tambayar ranar bikin yaye ɗalibai.

Na gode.
Mai karanta jaridarku daga Kano