Zuwa ga Mamana a Abuja

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya.

Binta ta faɗa wa Hajiya, Hajiya ta faɗa mini. Wai ogan naki yana turo miki saƙon WhatsApp da sha ɗayan dare, ko kin ci abinci, yana rage miki hanya, yana ce miki "amaryarmu" a gaban jama'a. Ke kuma kin ce ba komai, sa'an babanki ne.

Da bakin uwa maganar nan ta fi dacewa, amma ni na zauna a kwamitin ladabtarwa, na san yadda ake auna irinta. Maza su ce raha ce. Matan ofis, da suka fi kowa ganewa, su ja bakinsu don suna da 'ya'yan ciyarwa. In mutum na da furfura da tabon salla, an wanke shi tun bai yi magana ba, alhali da masinja ne ya yi rabin haka da tuni an sallame shi. Yarinyar ake titsiyewa. Ya taɓa ki? To me ya kai ki motarsa? Da ya faɗa, ba dariya kika yi ba?

Dariyar nan ce ke hana ni barci. Na san ta, ta kunya ce, mu muka tarbiyyantar da ke a kai kuma ba na nadama. Amma ranar da magana ta ɓaci, ita za su kira amincewa.

Doka tana nan. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, tana aiki a Abuja, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ke kula da ita, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ma tana sauraron irin wannan ƙara. Sai dai alƙali hujja yake nema. Kada ki goge saƙo ko ɗaya. In an tashi aiki kada ki amsa. Motarsa kuma kin bar ta, zan riƙa turo kuɗin tasi.

A ce a bakin wani zan ji? Ni da na tsaya gaban Baffanki na ce sai kin tafi? Kin ba ni kunya a nan, Mamana.

Wataƙila mutumin bai nufi komai ba, Allah ne masani. In na kirki ne, ja da bayanki ba zai ɓata masa rai ba. In kuwa ya canza miki fuska, ki kira ni a ranar, ko tsakar dare ne.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki