Zuwa ga Shugaban INEC: wai su waye ke biyan kuɗin kamfen?

Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ba zan ja ka da nisa ba.

Ka fi ni sanin dokar zaɓe ta 2022 da aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce ɗan takarar gwamna kar ya kashe sama da naira biliyan 1, kuma ba mai ba ɗan takara gudummawar da ta wuce miliyan 50. Dokar kamfanoni ta CAMA ma ta hana kamfani ba jam'iyya ko sisi. To don Allah ka shigo Kano lokacin kamfen, fosta tun daga Ƙofar Nasarawa har Kurna, sojojin baka sun cika gidajen rediyo dare da rana, ana sauke taliya da sabulu da atamfa a unguwanni mota-mota, wai duk daga aljihun ɗan takara? Haba dai!

Ka tambayi kowa a kasuwar Kwari ko Singa zai gaya maka, manyan attajirai da 'yan kwangila ne ke zubawa, kuma ba sadaka suke ba, jari ne. Ana rantsar da mutum za su zo karɓar riba, wannan kwangila, wancan fili, wani a yafe masa haraji, wani a ba yaronsa kujera. Mu da muka sha rana a layi sai dai mu ji a rediyo.

Abin da ya fi ƙona min rai, dokar zaɓen ta 2022 ta ce jam'iyyu su miƙa muku sunayen masu ba su kuɗi cikin wata 3 bayan sakamako, lissafin abin da suka kashe kuma cikin wata 6. To ina suke? Kafin zaɓen 2023 hukumarku ta ce za ta haɗa kai da EFCC da ICPC a bi sawun kuɗin kamfen, muka yi ta murna, ashe masu raba 'yan canji a bakin rumfa kawai za a kama, wanda ya aiko da buhun yana gida cikin AC.

Tarar da dokar 2022 ta sa wa ɗan takarar da ya wuce iyakar kashe kuɗin ma abin dariya, kashi 1 cikin 100 na iyakar, wato miliyan 10 ga mai neman gwamna, alhali fom ɗin takarar gwamna kaɗai a APC a 2022 miliyan 50 ne. E, dokar ta tanadi ɗaurin wata 12, amma wa aka ɗaure? Gyaran wannan dai na majalisa ne.

Naka shi ne ka wallafa mana sunayen nan a shafinku, har da Hausa, jam'iyyar da ta ƙi kawowa ka maka ta a kotu tun kafin a sake buga gangar siyasa.

Naka,
wani mai ƙuri'a daga Fagge, Kano