Ku gayyato makanikai su ma su faɗi nasu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan shirinku na ranar Asabar, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Kun ɗauko mutum guda daga kamfanin sayar da motoci, kun sakar masa fili tun daga farko har ƙarshe, yana ta cewa makanikan gareji lalube kawai suke yi, wai duk mai son motarsa ta yi ƙarko ya saya a babban kamfani, ya kuma riƙa kai ta can sabis. Mai gabatarwa kuwa sai "haka ne, haka ne" yake yi. Ko sau ɗaya bai tambaye shi nawa suke karɓa ba.

Malam Edita, da wa baƙon naku yake magana? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Dalar da ake canzawa kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, ga tallafin man fetur an cire tun watan Mayun 2023. Sabuwar Corolla dal a leda yau sai an ajiye miliyoyi masu yawa. Masu sauraronku 'yan tokumbo ne da 'yan Beljiyam, wato masu hawa motocin hannu da aka shigo da su daga waje, wasu ma motar ta bi hannu uku kafin ta iso gare su. Garantin da ya cika mana kunne da shi na sabuwar mota ne. Motar da ta gama shekara goma a titunan Amurka wane garanti ya rage mata?

Ni abin ya faru a kaina, shi ya sa nake da bakin magana. Motata Corolla ce, tokumbo, da ita nake kai yara makaranta in wuce wurin aiki. Ta fara fizga idan za ta canja giya. Saboda irin wannan huɗubar da aka yi a shirinku, na ɗauke ta na kai wani babban wuri mai gilasai da na'urar sanyaya ɗaki. Kafin kowa ya taɓa ta sai da na biya kuɗin dubawa. Aka jona mata kwamfuta, aka fito min da takarda: giyar gaba ɗaya za a sauke a sa wata, sai an aiko da ita daga Legas, kuɗin kuma ya tasam ma rabin abin da na sayi motar. Na ce a nuna min abin da ya lalace a ciki. Aka ce su ba sa kwance giya, canjawa suke yi.

Na janye motata na kai wa dattijon da yake mana gyara tun zamanin Fijo 504 ta mahaifinmu. Ya shiga muka zaga, ya saurara, ya zaro sandar man giya ya shinshina, sannan ya sa yaronsa ya jona tasu kwamfutar, don su ma yanzu suna da ita, ba kamfani kaɗai ba. Ashe wani ɗan ƙaramin abu ne mai sarrafa man giya ya mutu, man kuma ya ƙone. Muka shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa tare, ya zaɓo ɗan Beljiyam da hannunsa, ya ƙi karɓar na farko da aka miƙo masa, aka ɗaura, aka yi juyen mai. Har yau motar tana tafiya lafiya. Wannan mutumin ne baƙonku ya ce lalube yake yi? Mutumin da in na kira shi da daddare mota ta mutu min a hanyar Zariya zai hau babur ya zo, in kuɗi bai cika ba ya ce in kawo ƙarshen wata?

Na san akwai ɓata-gari a gareji, masu cire maka abu mai kyau su sa na jabu. Amma babbar cutar da ake yi mana tun wurin saye take farawa, kuma baƙonku bai ce uffan a kanta ba. Motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, kamar bayan guguwar Harvey ta 2017 a Houston, gwanjonsu ake yi, wasu a loda su a jirgin ruwa, a wanke, a fesa turare, a jera a fili. Sai ka saya wayoyi su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Ana mayar da mita baya. Ana lulluɓe wadda ta yi hatsari da fenti. Ga takardar kwastan ta bogi: a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, amma aka ci gaba da biyo daji da su daga Kwatano, wanda ya saya kuma shi ake tsarewa a hanya a ƙwace masa. Irin waɗannan motoci a bakin titi ake ganinsu, a wuraren masu gilasai ma ana ganinsu. Da shirin ya koya wa mutane yadda za su duba lambar shasi mai harafi da lamba 17 a intanet kafin su biya dillali la'ada, da an amfana. Kuma wa talaka yake ɗauka ya raka shi duba mota ranar saye? Makanikin nan dai da aka zaga.

Ina roƙonku ku gayyato shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA da 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa, ku ba su lokaci daidai da wanda kuka ba mutumin kamfani. In kuma shirin nan talla ce aka biya, to ku faɗa mana tun farko cewa talla ce.

Wani abu kuma: layin wayarku. Ana cewa a bugo, mu buga ba ya shiga, amma kullum muryoyin mutane ƙalilan ɗin nan ne muke ji suna gaishe-gaishe har lokaci ya ƙare. Don Allah ku gyara wannan, ko ku riƙa karanta saƙonnin da muke turowa.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Kano