Masu gina ɗakin silima a ƙarƙashin gida, a fara da bututun waya

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili. Yanzu yayi ake a Abuja, mutum ya yi ɗaki a ƙarƙashin gidansa ya mai da shi silima, kuma yana so sauti ya kai har kicin da falon baƙi, gaskiya abin na burge ni, wajen duhu ne hoton majigi na fitowa tas, maƙwabta ma ba sa jin hayaniya.

Amma wallahi yawanci sai an gama filasta da fenti ake neman mai wayarin, a dawo ana fasa bango, haba! Tun ana gini ake binne bututun waya zuwa kowane ɗaki, duk su haɗu inda amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, za ta zauna. Tsarin sautin silima da ake kira 5.1 sifika 5 ne, uku gaba biyu gefe, sai wufa ɗaya, wato sifikar sauti mai kauri mai dukan ƙirji. Siminti da tayil na dawo da amo, a sa kafet da labule mai kauri.

Sai laima, damunar Abuja ba wasa, in ba a tare ruwa a bango ba kuma iska ba ta zagayawa kayan nan masu tsada funfuna za su yi. Sitabilaiza ma dole ce, kun dai san halin wutarmu.

Naku, wani mai aikin wayarin, Abuja